Gishiri, Wuta da Mayen Ƙarfe

Yau labarin gishiri za mu ba ku. Ba na ayarin Bilma ba, ba kuma na tsadarsa a kasuwa ba. Labari ne na waɗansu masu bincike a ƙasashen Turai. Sun sa gishiri cikin wuta, suka kawo mayen ƙarfe kusa da ita, suka zura ido. Abin da suka gani ƙanƙane ne ƙwarai, amma sai da masana suka yi kusan shekara 30 suna fama kafin su gane shi sarai. Ku bi mu sannu a hankali. In wani layi ya yi muku nauyi, ku sake karanta shi.

Bari mu fara da abin da kuka sani. Duk wanda ya taɓa zama kusa da risho ko murhun gas ya san wutarsu shuɗiya ce. In miya ta tafasa ta zubo, nan da nan sai wutar ta koma rawaya. Gishirin miyar ne ya sa haka. Cikin gishiri akwai wani ƙarfe da a ke kira sodiyam, kuma akwai shi cikin kanwa. Ruwan tokar da mata ke tacewa don miya ko sabulu yana ɗauke da ɗan'uwansa, fotasiyam. Masana suna kiran waɗannan ƙarafa dangin alkali. Kada ku ɗauka alƙalin kotu ne. Kalmar ta fito daga Larabci, asalinta tokar tsire-tsire.

Za ku ce, ina ƙarfe cikin gishiri? Ai a ɓoye ya ke, haɗe da wani abu. Wani Bature na Ingila mai suna Hamfiri Debi shi ya fara fitar da sodiyam da fotasiyam a fili, a birnin Landan, cikin shekarar 1807, da ƙarfin lantarki. Ba irin ƙarfen maƙera ba ne. Sodiyam yana da taushi, wuƙa tana yanka shi kamar sabulu. In an jefa shi cikin ruwa sai ya yi ta yawo a sama yana huci. Don haka cikin mai a ke ajiye shi. In ya sha zafi sosai sai ya zama tururi, kuma tururin nan shi ke ba da hasken rawaya.

To, sai maganar haske. Kun san bakan gizo. Hasken rana da mu ke gani fari, ashe launuka ne da yawa a cakuɗe, ɗigon ruwan sama ke rarraba su. Gilashi mai kusurwa uku ma yana yin wannan aiki. A shekarar 1814 wani mai sana'ar gilashi a ƙasar Jamus, Faraunhofa, ya rarraba hasken rana da kyau, sai ya ga baƙaƙen layuka sirara fiye da 500 cikin launukan. Ya sa wa manyansu haruffa. Na wajen rawaya ya sa masa harafin D, kuma har yau haka a ke kiransa.

Wajen shekara 45 bayan haka, waɗansu Jamusawa biyu, Bunsen da Kirkof, suka gano ma'anar layukan. Kowane abu, in ya zama tururi cikin wuta, yana da nasa layukan haske da ba ya tarayya da kowa a kansu, kamar yadda a da a kan gane Bagobiri da zanen fuskarsa. Na sodiyam layuka biyu ne rawaya, dab da juna, a daidai wurin harafin D. Sun kuma gano wani abu da za mu bukata nan gaba. In farin haske mai ƙarfi ya ratsa cikin tururin, sai tururin ya shanye daidai launin da ya saba bayarwa, wurin ya zama baƙin layi. Da wannan dabara suka samo waɗansu ƙarafa biyu na dangin alkali da ba wanda ya san da su: siziyam a 1860, rubidiyam a 1861. Siziyam ɗin nan zafi kaɗan ke narkar da shi, wajen digiri 28 da rabi. Da bazara a Tawa ko Maraɗi, ruwa-ruwa za ku same shi.

Yanzu ga tambaya. Mayen ƙarfe, wanda waɗansu ke kira maganaɗisu, irin na cikin lasifikar radiyo da yara ke jawo allura da ƙusa da shi, yana iya taɓa hasken wuta?

Wanda ya fara gwadawa sosai shi ne Maikel Farade na Ingila. Ya kamata ku san mutumin nan. Ɗan maƙeri ne, bai yi nisa a lakwal ba. Yana yaro aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, sai ya riƙa karanta littattafan da a ke kawowa ɗinki. A 1813 ya zama yaron aikin Hamfiri Debi. Daga baya shi ya gano yadda a ke samun lantarki ta hanyar motsa mayen ƙarfe kusa da waya, dabarar da injin ba da wuta ke aiki da ita har gobe. A watan Maris na 1862, yana da shekara 70, mantuwa ta fara damunsa, ya sa harshen wuta mai gishiri tsakanin baki biyu na babban mayen ƙarfe. Ya duba layukan. Bai ga sun motsa ba ko kaɗan. Ya rubuta haka cikin littafinsa na aiki, bai ƙara gishiri ba. Wannan ne gwajinsa na ƙarshe. Ya rasu a 1867.

Tunaninsa daidai ne, kayan aikinsa ne ba su kai ba. Amma a lokacin ba wanda ya san haka.

Shekara 34 suka wuce. Daga Ingila sai mu ƙetare ruwa zuwa ƙasar Holan, garin Laidin, inda akwai wata tsohuwar jami'a. A can akwai wani ƙaramin malami mai shekara 31. Ana rubuta sunansa Pieter Zeeman, ana faɗinsa Zeman. An haife shi a 1865 a wani ƙauye na bakin teku. Ya taɓa yin irin wannan gwaji bai ga kome ba, ya bari. Daga baya ya karanta cewa Farade ma ya gwada a ƙarshen rayuwarsa. Sai ya ce a ransa, in mutum kamar Farade ya ga abin ya isa gwadawa, to ya kamata a sake, tun da yanzu kayan aiki sun fi kyau.

Kuma gaskiya ne sun fi kyau. Maimakon gilashi mai kusurwa uku, Zeman yana da wani madubin ƙarfe da wani Ba'amurke mai suna Rolan ya ƙera. An zana masa tsaga sirara fiye da 5,000 cikin kowane santimita ɗaya. Irin wannan madubi yana baza launuka da faɗi, har layukan rawaya biyun nan su fito daban-daban. Mayen ƙarfensa kuwa na lantarki ne, watau waya ce aka nannaɗe a jikin ƙarfe. In an sakar mata wuta ya yi ja, in an kashe ya daina. Ƙarfinsa ya fi na duniyar nan tamu, wanda ke juya allurar nuna arewa, wajen sau 20,000.

Cikin watan Satumba na 1896 ya jiƙa wani abu da ba ya cin wuta da ruwan gishiri, ya sa cikin harshen wutar gas, tsakanin bakunan mayen ƙarfen. Ya kunna. Sai kowane layi ya yi kauri. Ya kashe, suka koma sirara. Ya sake kunnawa, suka sake yin kauri. Ƙarin bai taka kara ya karya ba. Ku raba ɗan filin da ke tsakanin layukan biyu kashi 40, ku ɗauki kashi ɗaya. Kimanin haka ne.

A nan ne, a ganinmu, Zeman ya nuna shi gwani ne. Bai fita da gudu yana shela ba. Ya lura mayen ƙarfe yana lanƙwasa harshen wutar kanta. To, watakila ba hasken ne ya sake ba. Watakila wutar ce ta ƙara zafi ko ta tara tururi wuri ɗaya, layin ya yi kauri don haka. Sai ya kawar da harshen wuta daga maganar. Ya samo bututun tangaran, ya sa gutsuren sodiyam ciki, ya toshe bakunan da gilashi. Ya gasa bututun daga waje har sodiyam ya zama tururi. Ya haska fitilar lantarki mai ƙarfi ta ratsa cikinsa, baƙaƙen layuka biyu suka fito. Har juya bututun ya riƙa yi, don kada tururin ya taru gefe ɗaya. Da ya kunna mayen ƙarfe, baƙaƙen layukan ma suka yi kauri. Sai a sa'an nan ya yarda da idonsa.

Ran Asabar 31 ga Oktoba 1896 shugabansa, Kamalin Ones, ya kai labarin gaban taron masana a birnin Amstadam. Cikin masu sauraro akwai Hendirik Lorens, babban malamin lissafin lantarki a Laidin. Ran Litinin ya kira Zeman ya yi masa bayani.

Ga abin da a ke gardama a kai a zamanin. Masana sun daɗe suna cewa kowane abu an gina shi da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, sunansu atam. Da yawa sun ɗauka atam shi ne iyaka, ba kome a cikinsa. Lorens kuwa yana ganin akwai waɗansu ƴan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki a ciki, suna kai da kawowa, kuma motsinsu ke haifar da haske. In haka ne, dole mayen ƙarfe ya taɓa su. Wadda ke zagayawa ta dama zai ƙara mata sauri, wadda ke zagayawa ta hagu ya rage mata. Sabo da haka, in ji lissafinsa, layin ba kauri ya yi ba, tsagewa ya yi. In an duba daga gefe za a ga uku. In an huda ƙarfen aka leƙa ta tsakiyarsa za a ga biyu.

Zeman ya koma ya auna. Daga girman kaurin suka lissafa nauyin ƙwayar, aka ga ta fi atam mafi ƙanƙanta rashin nauyi kamar sau 1,000. Yau an san sau 1,836 ne. A 1897 Zeman ya koma aiki a Amstadam, ya gwada da wani ƙarfe mai suna kadmiyam, ya ga layin ya tsage uku daga gefe, biyu ta tsakiya, kamar yadda Lorens ya faɗa. A shekarar nan kuma wani Bature a Ingila, Tomson, ya kama wannan ƙwaya ta wata hanya dabam, tana gudu cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska. Ita ce a ke kira ilektaron. Ita ke gudu cikin waya in kun kunna cocila. A 1902 aka ba Zeman da Lorens kyautar Nobel tare.

Kuna tsammani magana ta ƙare ke nan? Ina! Gishirin da ya buɗe ƙofar shi ya fara ƙin bin doka.

Da aka sami kayan aiki mafi kyau, Piresto a birnin Dabilin na ƙasar Ailan a ƙarshen 1897, da Kornu a Paris a 1898, suka ga layuka da yawa ba uku su ke tsagewa ba. Layukan sodiyam kansu, ɗaya ya tsage 4, ɗayan ya tsage 6. Lissafin Lorens bai san da 4 ko 6 ba. Masana suka sa wa abin suna bauɗaɗɗe, alhali kuwa shi ya fi yawa. Mai bin dokar ne ƙalilan.

Duk da haka ba a fasa amfani da shi ba. A 1908 wani Ba'amurke, Joj Hel, ya duba baƙaƙen tabo da kan fito a fuskar rana daga kan wani dutse a jihar Kalifoniya. Ya ga layukan haskensu a tsage. Da haka aka san akwai ja irin na mayen ƙarfe mai ƙarfi ƙwarai a jikin rana, ba tare da kowa ya je can ba.

Amma 4 da 6 ɗin nan suka tsaya wa masana a wuya. A 1913 Nils Bor na ƙasar Danmak ya kawo sabon tunani. Ya ce ilektaron cikin atam kamar mutum ne a kan tsani. Yana iya tsayawa kan wannan mataki ko wancan, amma ba ya tsayawa tsakani. Zafi yana tura shi sama. In ya diro ƙasa sai ya saki haske, kuma launin hasken ya danganta da nisan dirowar. Aikin mayen ƙarfe shi ne ya tsaga kowane mataki ya zama ƴan matakai kusa da juna. Wannan ya taimaka ƙwarai. Sai dai ko da aka ƙidaya matakan sodiyam, ba su fito yadda a ke zato ba. Wani Bajamushe, Lande, ya samo lissafin da ke ba da amsa daidai a 1921, amma ba wanda ya san dalilinsa, har shi kansa. Wani saurayi haziƙi mai suna Pauli ya ba da labari cewa wata rana yana yawo a titin Kopanhegan fuska a murtuke, wani abokin aikinsa ya tambaye shi abin da ya same shi. Ya amsa cewa ba yadda mutum zai yi fara'a yana tunanin wannan bauɗaɗɗen abu na Zeman.

Amsar ta fito daga Laidin, inda aka fara. A 1925 waɗansu ɗalibai biyu, Ulambek da Gaudsmit, dukansu ba su wuce shekara 25 ba, suka ce watakila ilektaron ba zagaya atam kaɗai ya ke yi ba. Yana kuma juyawa a kan kansa kamar katantanwar da yara ke murzawa. In haka ne, shi kansa ɗan mayen ƙarfe ne, kuma fuska biyu kawai ya ke iya kallo, sama ko ƙasa. Malaminsu Erenfes ya ce su rubuta, su kuma nuna wa Lorens. Lorens a lokacin yana da shekara 72. Ya yi lissafi ya nuna musu cewa in ƙwayar tana juyawa da gaske, to gefenta zai fi haske gudu, abin da ba ya yiwuwa. Yaran suka tsorata, suka je su janye takardar. Erenfes ya ce ai ya riga ya aika, kuma su yara ne, wauta ɗaya ba za ta kashe su ba.

Ashe kowa da gaskiyarsa. Yau masana sun yarda ilektaron ba ya juyawa kamar katantanwa, misali ne kawai. Amma cewa shi ɗan mayen ƙarfe ne mai fuska biyu, wannan ya tabbata.

To, ku ɗauko tsinke ku zana a ƙasa, mu ƙidaya tare. Sodiyam yana da ilektaron 11. Goma suna ciki a ɗaure, ɗaya yana waje shi kaɗai. Duk dangin alkali haka su ke, ɗaya tilo a waje, shi ya sa masu bincike ke son su. Wannan na waje yana da mataki ɗaya a ƙasa, da matakai biyu a sama dab da juna. Dirowa daga biyun nan ita ke ba da layukan rawaya biyu. In aka kunna mayen ƙarfe, matakin ƙasa ya tsage 2. Na sama na farko ya tsage 2. Na sama na biyu ya tsage 4. Daga 2 zuwa 2, hanya nawa ke nan? 2 sau 2, 4. Ga layi huɗu. Daga 4 zuwa 2 kuwa 8 ne. Amma biyu daga cikinsu, watau daga can gefe zuwa wancan gefe, tsallen ya yi yawa, haske ba ya iya ɗaukar bambancin. 8 a cire 2, saura 6. Lissafin da ya gagari manyan malamai shekara 28, ga shi kun yi shi a ƙasa.

Zeman ya ga wannan duka da ransa. Ya rasu a Amstadam a 1943.

Bayan yaƙin duniya na biyu abin ya fita daga ɗakin bincike. A 1950 wani malami a Paris, Alfared Kastiler, ya nuna yadda za a yi amfani da haske a tara ƴan ilektaron ɗin tururi kan mataki ɗaya, kamar yadda makiyayi ke kora tumaki gefe guda. Ya sami kyautar Nobel a 1966. Daga wannan dabara aka ƙera na'urar awon ja. Ƴar kwalba ce mai tururin siziyam, ko rubidiyam, ko fotasiyam, da fitila. Gwargwadon ƙarfin jan da ke wurin, gwargwadon yadda matakan ke buɗewa, na'urar kuma tana karanta wannan. Ana ɗaura ta a jirgin sama ya yi ta kai da kawowa bisa daji. Duwatsun da ke ƙarƙashin ƙasa suna ɗan sake jan duniya a inda su ke, sabo da haka masu neman ma'adinai suna zana taswirar abin da ke binne tun kafin a sa diga.

Masu agogo kuwa, abin nan damuwa ya zame musu. A 1955 Luwis Esen ya ƙera agogon siziyam a Ingila. Ba ya da lilo, ba a ɗaure shi. Yana ƙidaya kaɗawar igiyar radiyo da ke sa siziyam ya tsallaka tsakanin waɗansu matakai biyu na ƙasa. A 1967 wakilan ƙasashe suka taru a Paris suka yarda cewa daƙiƙa ɗaya ita ce kaɗawa 9,192,631,770 ta wannan igiya, kuma har yanzu da ita a ke aiki. Amma ko jan duniya, mai rauni haka, yana tsaga matakan nan biyu su zama 16, ya gusar da su. In aka ƙyale shi, agogon Yamai da na Paris ba za su tafi daidai ba, don jan duniya a wuraren biyu ba ɗaya ba ne. Don haka a ke rufe agogon cikin kwanonin wani ƙarfe mai tare ja, a sa ɗan ja kaɗan da aka auna a ciki don matakan su rabu sarai, sa'an nan a zaɓi biyu na tsakiya, waɗanda ja bai cika motsa su ba. Irin waɗannan agogai na siziyam da rubidiyam suna cikin taurarin ɗan Adam da ke gaya wa salula inda ta ke a doron ƙasa.